Raddi Ga Masu Cewa A Kashe Tsuntsaye Masu Ƙaura

Duk lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla, akwai hujjar da ke yawo a bakin wasu masu kiwon kaji, har da masu ilimi a cikinsu. Suna cewa doguwar tafiya tana karya garkuwar jikin tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai da Asiya, sai su sauka fadamun Hadeja da Nguru da Tafkin Cadi cike da cuta, saboda haka a harbe su ko a kore su. Na san zafin asarar da ke sa mutum faɗin haka, amma hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Farkon maganarsu gaskiya ce: ƙaura tana cin jiki. Akwai ɗan tsuntsun Turai mai nauyin kusan giram 18 da ke ci ba ji ba gani har nauyinsa ya ninka kafin ya tsallake Sahara, ya ƙone kitsen nan a sama, ya sauka ƙashin ƙirjinsa a tsaye. Wasu tsuntsayen bakin ruwa hanjinsu da hantarsu kan tsuke kafin tashi don rage kaya. A 2022 ɗaya daga cikin irinsu ya tashi daga Alaska zuwa Tasmaniya, fiye da kilomita 13,000, cikin kwana 11 bai sauka ba. Ba mu da ja a nan.

Inda muka rabu shi ne cewa gajiya dole ta rushe garkuwa. A Jami'ar Lund ta Suwidin an sa tsuntsayen bakin teku tashi a cikin wani bututun iska, tafiyar kusan kilomita 1,500, aka yi musu allura don a ga yadda jikinsu zai mayar da martani. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna martaninsu bai gaza na waɗanda suka huta ba. A wasu nau'o'in kuwa an ga wani sashe na garkuwar ya ragu bayan tashi, yakan kuma farfaɗo idan tsuntsun ya sami abinci da hutu a zango. To, abin da ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, ta yaya za a yanke wa dukkan tsuntsaye hukunci ɗaya da shi?

Sannan ko mun yarda garkuwar ta raunana, sai a tambaya: marar lafiya ne zai tsallake hamada? A ƙasar Holan an bi wasu manyan agwagin ruwa masu dogon wuya da suka kamu da mura marar tsanani, aka ga cin abincinsu ya ragu, tashinsu ya yi jinkiri. A Tafkin Qinghai na ƙasar Sin, a 2005, tsuntsaye fiye da 6,000 suka mutu a inda cutar ta same su. Hanyar da kanta tana tankaɗe marasa ƙarfi, kamar yadda rariya ke riƙe tsakuwa.

Ba na musun cewa tsuntsayen daji suna ɗaukar ƙwayar cutar daga nahiya zuwa nahiya. Masana sun tabbatar da haka, musamman a shekarun baya-bayan nan. Amma a dubi wane ne ke ɗauka. A 2007 masu bincike sun sami ƙwayar H5N2 mai tsanani a jikin kirinjijiya da dinya a fadamun arewacin Najeriya, kuma lafiyarsu lau. Waɗannan 'yan gida ne na Afirka, ba baƙin Turai ba, ba kuma gajiyayyu ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba zancen rauni da zancen yaɗa cuta.

Game da maganin da masu wannan hujja suka kawo kuwa, shi ne mafi muni. Harbi ɗaya a fadama zai watsa garken zuwa tafkuna goma da a da ba su sauka ba, mai ɗauke da ƙwayar ya kai ta gaba. Shi ya sa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya take ba da shawarar kada a kashe tsuntsayen daji da sunan yaƙi da wannan cuta. Ƙwayar H5N1 ma, wadda ta bazu a duniya, a jikin dinyar gida aka fara gano ta, a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. Da ta shigo Najeriya, a wata gonar kaji ta Jihar Kaduna aka tabbatar da ita a Fabrairun 2006, ta kuma bazu ta kasuwannin kaji, da kejin da ba a wankewa, da kwandon ƙwai, da takalmin mai shiga wannan gona ya fita zuwa waccan.

Don haka ina roƙon 'yan'uwa masu kiwo: ku rufe ɗakin kaji da raga, kada ku shayar da su ruwan tafki, ku keɓe sababbin kaji kafin ku haɗa su da na gida, kuma da zarar kun ga mutuwa ta yi yawa ku kira likitan dabbobi, kada ku garzaya da sauran kasuwa.