Izinin babbaka: a tambayi maƙwabta tukuna

A Faransa, ko mushen kare kamfani zai ƙona, sai da izinin hukuma. Mu kuwa a wasu garuruwanmu na bakin iyaka, da tsofaffin tayoyi ake babbake kawunan shanu a gindin katangar mutane, ma'aikatar magajin gari ta karɓi haraji ta kau da kai. Hayaƙin yana tayar wa yara da asma, yana ɓata atamfa da garin da muka kasa. Ba mu ce a toshe wa mahauta hanyar abinci ba. A ba su fili a bayan gari, su koma ga gas. Tun 2024 kantomomi ke riƙe da ƙananan hukumomin Nijar. Kafin su sa hannu, su ji ta bakin masu unguwa da 'yan kasuwa.