Habbanaye ga ɗalibi: wa zai biya wa ɗan Kurfai karatun mastar?



Bara da kaka wani dattijo ya tare ni a kasuwar Filinge da tambayar da ta fi ƙarfina. Awakinsa sun samu allurar rigakafi, ni da hannuna na yi musu, amma shekara biyu a jere suna zubar da ciki. Ya ce, "Ɗana, mene ne wannan?" Na ce, "Baba, bari in ɗebi jini in tura Yamai." Na tura. To amma gwajin jini labarin garke ɗaya yake bayarwa. Ko abin ya game kwarin Dallol Bosso, a wane wata yake tashi, daga rijiya yake ko daga wurin kiwo, wannan sai mai bincike, wanda zai share wata shida yana bin garkuna da littafi a hannu. Ni mai difloma ne, na iya allura da ɗinki da gane cuta, amma ba a koya mini wancan ba. A karatun mastar ake koyonsa, wato shekara biyu bayan lisans, kuma kuɗi yake ci.

Hanyoyin samun kuɗin suna nan, ya kamata duk mai ɗa a jami'a ya san su. Ta farko bursun gwamnati, wanda hukumar ANAB ke rabawa bisa maki da shekaru. Da shi ake karatu a sashen aikin gona na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko a Jami'ar Tilaberi da aka kafa a 2014. Mai son zama cikakken likitan dabbobi, akwai makarantar Dakar ta haɗin gwiwar ƙasashe, wadda aka buɗe a 1968, Nijar na cikin masu ita. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta buɗe mastar kan kiwo tsantsa da tallafin PRAPS, shirin Bankin Duniya na ƙasashen Sahel shida da ya fara a 2015. Bankin Musulunci na Jidda ma yana ba da bursu. Mai ɗan Turanci kuwa, Sakkwato da Zariya suna da manyan sassan likitancin dabbobi, sai dai galibi aljihun iyaye ke biya.

To me ya rage? Abu biyu. Tun bayan Yulin 2023 wasu ƙasashen Turai suka dakatar da tallafinsu, ƙofofin da aka saba ƙwanƙwasawa suka ragu. Na biyun ya fi damuna. Bursu yakan riƙe ɗalibi a aji, ya ci, ya kwana. Idan lokacin bincike ya zo, kuɗin mota, da ƙanƙarar ajiye jini, da kuɗin gwaji, sukan faɗo a kansa. Sai ya zaɓi abin da ke kusa kuma mai araha, kajin gona a bakin Yamai, ko ya bi tambayar wani shiri da ke biya. Ban ga laifinsa ba. Filinge tana da nisan kilomita kusan 180 daga Yamai, ga rashin tsaro wajen Abala, kuma a farkon 2020 an kafa dokar hana hawa babur a jihar Tilaberi. Baƙo ba zai shigo daji ya kwana a ruga ba. Ɗanmu ne kaɗai zai iya, shi kuma ba shi da kuɗin mota.

Abin takaici, ƙasar nan tamu ba baƙuwar bincike ba ce. Tun shekarun 1950 tashar Tukunus take zaɓen shanun Azawak, ana auna nono, ana rubuta haihuwa, har ƙasashen maƙwabta sun san irin. Ɗalibai da dama sun rubuta kundinsu a can. Amma saniyar tasha tana da shinge da rumbun abinci. Ta makiyayi tana tafiya kwana da kwanaki neman ciyawa, kuma ita ce ba ta da mai rubuta tarihinta.

Shawarata ita ce mu yi wa ɗalibi habbanaye. Kowa ya san yadda ake yi: ka ba ɗan'uwanka karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan da aka yi alkawari, ya maido maka da uwar. Ba sadaka ba ce, kuma ba wanda ke son a ce ya ci amanarta. Ƙungiya ba za ta iya ɗaukar karatun shekara biyu a Dakar ba, kada ma mu yaudari kanmu. Amma za ta iya ɗaukar watannin bincike. A ce mutum ɗari, kowa ya ba da jikka biyu a shekara, an tara jikka ɗari biyu ke nan. A haɗa da masauki, da fura, da mai rakiya, da garkunan da masu su suka yarda a taɓa. Wannan na ƙarshen ko Bankin Duniya ba ya iya sayensa.

Sharaɗin shi ne a rubuta, a sa hannu gaban shaidu. Ƙungiya ce za ta kawo tambaya, malaminsa na jami'a ya gyara ta. In ya gama, ya dawo ya zauna a tabarma ya faɗi abin da ya gano da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Buzanci in da hali, ba ya miƙo mana kundi da Faransanci ba. In ya samu aiki, ya mayar da kuɗin kaɗan kaɗan don na bayansa. Kuma a tuna da ƴan mata, don awaki da tumakin gida galibi a hannun mata suke, kuma mace ce za ta shiga cikin gida ta ji gaskiyarsu.

Na san abin da wasu za su ce: kuɗin nan gara a sayi dusa da rani. Magana ce mai nauyi, wanda ya taɓa ɗaga saniya da sanda a watan Mayu ba zai raina ta ba. A shekarar fari ni ma dusa zan zaɓa. Wasu kuma za su ce yaron zai gudu. Zai yiwu, ko karsanar habbanaye takan mutu. Shi ya sa nake ganin a fara duba masu difloma da suka riga suka yi shekaru a daji, masu iyali a nan, waɗanda shekaru suka fitar da su daga bursu da yawa. Kada a ce kaina nake yi wa yaƙi, ni ko lisans ban yi ba tukuna.

Dattijon nan ya sake tare ni watan jiya, akuya uku sun ƙara zubarwa. Na gaya masa zan kai maganar taron ƙungiya na bayan girbi, ya ce a rubuta jikkarsa biyu tun yanzu.