Ma'adinan Ƙasan Teku: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

A shekarar 1977 ne masu bincike suka nutsa cikin jirgin nan Alvin kusa da tsibiran Galafagos, zurfin wajen mita 2,500, suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi cike da halittu inda hasken rana ba ya kaiwa. A 1979 kuma aka gano masu feso baƙin ruwa mai zafin digiri 350. Da zarar ruwan nan ya gamu da sanyin teku, sai tagulla da tutiya da ƙarfen da ke narke cikinsa su daskare, su tashi kamar dogayen bututu.

Ƙwayoyin halittar wurin kuwa, da sinadarin farar wuta suke haɗa abincinsu, kuma da su manyan tsutsotsin wurin suka dogara. Waɗansunsu kan mai da ƙarfe tsatsa, wato da hannunsu cikin samuwar ma'adinan.

To, ga shi masu haƙa sun ƙyalla ido, har Japan ta yi gwaji kusa da Okinawa a 2017. Amma tarin da ya shekara dubbai yana ginuwa, in aka rushe shi, ba mai mayarwa. Saboda haka ya kamata a dakatar da haƙa, a bar masana su gama fahimtar wurin tukuna.