FILIN SHAWARA: Yaron da za shi karatu ƙasar waje

Makiyayin Fulatari ya san baƙunta. In rani ya tsananta, yakan kora dabbobinsa zuwa bakin Komadugu. Kafin ya tashi, sai ya tambayi labarin hanya, da rijiya, da mai rijiya. To, yaron da za shi karatu wata ƙasa shi ma haka ya kamata a yi masa.

Yau akwai lise a garin Difa, kuma tun shekarar 2014 gwamnati ta kafa jami'a a nan. Duk da haka, wasu yara da suka ci jarrabawar bak sukan samu bursi zuwa ƙasashe kamar Aljeriya da Maroko. Ofishin da ke kula da bursi yana Yamai, sunansa ANAB. Daga Difa zuwa Yamai tafiyar ta fi kilomita 1300. Saboda haka a fara neman takardu da wuri: takardar haihuwa, da fasfo, da katin allurar rigakafin shawara.

Me yaro za ya tarar can?

Na ɗaya, sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana sanyi tare da ruwan sama. A garuruwan kan dutse, kamar Setif a Aljeriya, har dusar ƙanƙara take sauka. Wannan ya wuce sanyin hunturunmu. Bargo da riga mai kauri sun fi sabon agogo amfani.

Na biyu, abinci. Babu fura da nono, babu tuwon gero. Cimarsu burodi ce da kuskus na alkama. Dabba ma in ta shiga sabuwar ciyawa, cikinta yakan ɓaci kwana biyu, daga baya ta saba. Garin tattasan Difa a cikin jaka yana gyara miya, yana rage kewa.

Na uku, harshe. Ana yin karatun kimiyya da yawa da Faransanci, amma a kasuwa Larabcin gida ake yi. Ya bambanta da Larabcin allo. Mai tambaya ba ya ɓata.

Na huɗu, kuɗi. Sefa ba ta ci a can. Aljeriya dinari ake kashewa, Maroko dirhami. Dirhami ɗaya wajen dala 12 ne. Kuɗin bursi kaɗan ne, kuma ba kullum suke zuwa a kan lokaci ba. Uba ya ware akuya biyu ko uku tun yanzu da sunan yaron. Ya fi ya sayar da saniya da gaggawa, a kasuwar da ta faɗi.

Na biyar, mutane. Yawancinsu Musulmi ne ƴan mazhabar Malikiyya, salla iri ɗaya da ta gida. Akwai masu karamci ƙwarai. Akwai kuma wanda zai jefi baƙo da baƙar magana saboda launin fata. Haƙuri maganin zaman duniya. Da isarsa, yaro ya nemi ɗaliban Nijar da suka riga shi, su kai shi ya yi katin zaman ƙasa, ya kuma rubuta sunansa a ofishin jakadan Nijar.

Wata ukun farko su ne masu wuya. Yaro yakan kira gida da dare, ya ce shi dai dawowa za ya yi. Uwa kada ta yi kuka a waya. Uba kada ya yi faɗa, kada kuma ya ce a aiko masa kuɗi. Ɗalibi ba ɗan ci-rani ba ne. A ba shi labarin garke da na ƙannensa, a sa masa albarka.

Kwarin Komadugu yana bukatar likitan dabbobi da malamin gona ƴan gida. Allah ya kai su lafiya, ya maido su da ilimi mai amfani.