Kwamfuta ta ƙi tashi? A daina gaggawar goge komai

Ɗalibi ya baro Garagumsa zuwa Jami'ar André Salifou da ke Damagaram da kwamfutar gwanjo da yayansa ya aiko daga Aljeriya. Ya ɗora Ubuntu kusa da Windows. Wata safiya sai baƙin allo da kalmomin grub rescue. Mai gyara ya leƙa ya ce sai an goge komai, aikin shekara ya tafi.

A ganina wannan ɓarna ce. GRUB ɗan ƙaramin shiri ne da ke tambayarka wanne za ka shiga, Windows ko Linux. Idan ya lalace, ƙofa ce ta cije. Kayan ɗaki suna nan. Sau da yawa ma ba laifin mai kwamfutar ba ne: a Agustan 2024, wani sabuntawar tsaro na Microsoft ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu tsari biyu.

Maganin ba tsada. A tayar da Ubuntu daga USB, a fara kwashe takardu, sannan a gyara da Boot-Repair, wanda kyauta ne.

Tun da Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutoci za su ƙara rungumar Linux. Masu gyara su koyi wannan. 'Yan uwa na ƙetare kuma, in za ku aiko kwamfuta, ku haɗo da USB ɗin.