Dandalin Lissafi: Kada Ku Raina Ragowa

Idan kun raba 17 gida 5, amsa 3 ce, saura 2. Da yawanku kuna ɗaukar wannan 2 a matsayin shara. To, yau ita ce baƙuwarmu.

Ku ɗauki kwalin biskit ko ledar sabulu irin waɗanda masana'antun Sharada, Challawa da Bompai ke fitarwa. A jikin da yawa akwai zanen layuka baƙaƙe, da lambobi 13 a ƙarƙashi. Idan a Najeriya aka yi rajistarsu, da 615 suke farawa. Lambar ƙarshe kuwa maigadi ce. Ga aikinta: ku tara lamba ta 1, ta 3, ta 5, har ta 11. Sai ku tara ta 2, ta 4, har ta 12, ku ninka wannan jimlar sau 3. Misali, 615123456789 zai ba ku 31 da 78, wato 109. Ana son adadin da zai rabu gida 10 ba ragowa, don haka maigadin 1 ne. Da na'urar kanti za ta karanta lamba ɗaya ba daidai ba, ragowa za ta tona asiri nan take.

Bajamushe Carl Friedrich Gauss ne ya tsara wannan lissafin ragowa a littafinsa na 1801. Daga baya masana suka kai shi cikin matiriks, wanda kuke yi a ajin babbar sakandare. Ku jera a da b a sama, c da d a ƙasa, da sharaɗin (a × d) − (b × c) = 1. Sai ku zaɓi waɗanda a da d mara ne, b da c cika. Misali 3, 2, 4, 3, domin 9 − 8 = 1. Ku ninka kowane biyu daga cikinsu, abin da zai fito ɗan gida ne, ba bare ba. Irin wannan dangi ake kira rukunin daidaiton ragowa. Kuma duk matiriks masu cika sharaɗin farko, ko da yake ba su da iyaka, gida 6 kacal suke faɗawa idan aka duba mara da cika.

Kowane irin wannan dangi yana haifar da siffa, masana kuma suna ƙidaya ramukanta da dabarar da ake kira kohomoloji. Ta wannan fage Andrew Wiles na Ingila ya bi a 1994 ya warware matsalar Fermat, wadda ta gagari masana sama da shekara 350.

Aikin mako: ku nemo matiriks mai cika sharaɗin, wanda b da c ke rabuwa gida 5, a da d kuma su bar ragowar 1, kuma babu sifiri a ciki. Ku nuna wa malamin lissafinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.