Na'urar da Abare ke buƙata ta fi kowace sabuwar waya daraja

Duk wanda ya leƙa Play Store zai tarar da manhajoji masu iƙirarin mayar da waya injin ɗaukar hoton eksire, wasu kuma suna cewa za su nuna inda zinare yake a ƙarƙashin ƙasa. Duka shaci-faɗi ne. Waya ba ta da abin fitar da hasken eksire, abin da take da shi ɗan ma'aunin maganaɗisu ne na kamfas, kuma zinare ba ya jan maganaɗisu. Amma akwai na'urar hannu ta gaskiya, mai kama da injin huda katako, wadda ke amfani da eksire ta faɗi ƙarfen da ke cikin ƙasa kafin minti ɗaya ya cika. Ana kiranta XRF, kuma mutanen Abare a ƙaramar hukumar Anka sun san aikinta fiye da yawancin masu sharhin fasaha.

A farkon 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farfaɗiya da amai, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa domin zinare yana cike da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu.

Matsalar ita ce ƙasa mai guba da ƙasa mai kyau kamanninsu ɗaya a ido. A nan XRF ta shigo. Idan aka ɗora bakinta a ƙasa, hasken da take harbawa yana fizge ɗan lantarki daga cikin ƙwayar zarra, ita kuma ƙwayar sai ta mayar da wani haske mai ƙarfin da ya keɓanta da ita. Na dalma daban, na ƙarfe daban, na tagulla daban, kamar zanen yatsa. Da wannan ne ma'aikatan kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan muhalli na jihar Zamfara, suka bi gida gida suna aunawa. A lokacin ƙa'idar Amurka ga ƙasar gidan zama ita ce kashi 400 cikin miliyan, amma a wasu wuraren niƙa an samu fiye da kashi 100,000 cikin miliyan. An fara kwashe ƙasa a Dareta da 'Yargalma, sannan Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011. Bagega sai da ta jira har 2013, bayan matasa sun yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba a intanet kan ta saki kuɗin aikin.

Dalma ba yara kaɗai take kashewa ba. Kowane makanike ya san abin da ake kira indomi a cikin salansar mota, wato tubali mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarafa masu tsada irin su filatinom domin su sauya hayaƙi mai guba. Idan dalma ta bi ramukan nan ta lulluɓe ƙarafan, indomi ya mutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa duniya ta daina zuba dalma a fetur, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. A manyan cibiyoyin bincike irin ta Grenoble a Faransa, masana na amfani da eksire mai ƙarfin gaske su leƙa cikin irin waɗannan ramuka, su ga daidai inda ƙarfe ya toshe ƙwayar da matatun mai ke amfani da ita wajen tace fetur. Nahiyar Afirka ba ta da irin wannan cibiya ko ɗaya. Sai dai hikimar ɗaya ce da ta na'urar hannu: a ga ƙarfe inda ido ba ya gani. Idan ana kashe maƙudan kuɗi don a ceci ƙwayar da ke tace mai, ƙwaƙwalwar yaro ta fi cancanta.

Abin da ya kamata shi ne kowace ƙaramar hukuma mai ma'adinai a yammacin Zamfara, musamman Anka, Bukkuyum da Gummi, ta mallaki XRF tata, a hannun ma'aikatan lafiyar muhalli 'yan yankin. Lokacin ya yi, domin MSF ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022, gwamnatin tarayya kuma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a Disambar 2024. Gidan da aka share a 2011 zai iya sake gurɓata da buhun dutse ɗaya. Abin da ya faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015 ya nuna annobar na iya dawowa a ko'ina.

Masu adawa za su ce na'urar na da tsada, kuma gaskiya ne, sabuwa tana haura dala dubu goma. Amma ba ta kai kuɗin jif ɗaya daga cikin waɗanda ake saya wa manyan jami'ai ba. Za su ce babu tsaro, shi ma gaskiya ne, shi ya sa ya fi kyau ta zauna da 'yan gari maimakon jiran baƙi daga Abuja. Inda hanya ba ta biyuwa, ana iya ɗibar ƙasa a leda a kawo garin Anka a auna.

Na'urar tana da iyaka. Saman ƙasa kaɗai take karantawa, jiƙaƙƙiyar ƙasa na rage mata adadi, ba ta auna jinin yaro, kuma tunda tana fitar da haske mai illa dole a sami horo da izinin hukumar NNRA. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana irin wannan awo, za ta iya horarwa da tantance sakamako.

Sauran aikin na masu waya ne. Awon da ya kwanta a cikin fayil a ofis bai tsare kowa ba. Da manhaja kyauta irin KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu data, ana iya haɗa kowane awo da wurinsa da ranarsa, a fitar da taswirar unguwa ba tare da bayyana sunan maigida ba, a tura wa hakimi da asibiti da masu niƙa ta WhatsApp. Matashin da ya iya haɗa fom da taswira ya riga ya iya rabin aikin. Ragowar kuma tambaya ce da ya dace a riƙa yi wa shugaban ƙaramar hukuma a fili: yaushe aka auna ƙasar Abare ta ƙarshe, kuma nawa aka samu?